Ƙararrawa Biyu a Kan Hauwa'u

Har yau ranar da na yi alƙalancin musabaƙar Alƙur'ani ta jiha a Gusau, rukunin izu ashirin na mata, ba ta bar raina ba. Daga Tsafe aka turo ni, shekarata ta uku a aikin. Mu uku ne a teburi, ni ke bin hadda, ƙararrawa na hannuna. Ƙa'ida ita ce, in mai karatu ta kuskure ko ta tsaya, in buga. In na buga sau biyu ba ta gyara ba, in buɗe mata, a rage maki.

Kafin a fara, shugabanmu ya raɗa mini cewa mai wakiltar Bungudu, Hauwa'u 'yar Nahuce, kwana tara ke nan da 'yan bindiga suka kashe mahaifinta a gona. Ya ce, "Malam Sani, ka dai yi aikinka."

Tambayar farko ta wuce lafiya. A ta biyu, tana tsakiyar aya, wani babur ya yi ƙara a waje kamar harbi. Muryarta ta ɗauke. Na buga. Ba ta ci gaba ba. Na sake bugawa.

Ta ɗago ta ce, "Malam, a ɗan jira ni." Shugaba ya gyaɗa kai. Ta dafa gwiwoyinta, ta ja numfashi a hankali sau uku, ta yi a'uziyya. Na buɗe mata kalma ɗaya, ta kama. Hawaye na zuba ta kai ƙarshe, babu kuskure.

Na rage makin. Saboda haka ta zo ta biyu, alhali ta ɗaya kaɗai ke wakiltar jiha.

Da aka tashi na iske ta tare da malamarta. Na ce, "Ɗiyata, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba komai, Malam. Malama ce ta koya mini, in tsoro ya zo kada in yi kokawa da shi, in koma kan ayar da ke gabana kawai. Baba ke riƙe mini Alƙur'ani in ina tilawa. Tun rasuwarsa, yau ne na fara kai ƙarshen shafi."

Ku sababbin alƙalai da kuka shigo aikin nan, maki amana ne, tausayi ba ya taɓa shi. Amma ba ku san abin da mai karatu ta baro a gida ba. Ni dai tun ranar, in na buga ta farko, ba na gaggawar ta biyu.