Ranar da Ban Ji Warin Daddawa Ba

Ni ne da laifi. Na daɗe ina cewa ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce, amma ta hannuna ta biyo, ina ji ina gani.

Mu biyu ne a gidan da muke haya a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje inda muka je karatu, ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Na riga shi zuwa, ina fama da wata difloma da ta ƙi ƙarewa, don ni boko bai taɓa zauna mini sosai ba. Shi kuwa yana shekarar ƙarshe a kwalejinsa, yana kuma buga musu ƙwallon kwando. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga kicin. Girki nawa ne, wanke-wanke nasa.

Lokacin da kullen annoba ya tsananta ba a yi wasa ba sam. An zagaye filin da ke ƙasan benenmu da igiya, an naɗe bakin kwandon. Sai ya kwanta rigingine a falo yana cilla ƙwallo sama yana cafewa, don in ya buga ta a ƙasa maƙwabta za su yi ƙorafi. Da aka sassauta, aka dawo da wasanni ba 'yan kallo, ƙungiyarsu ta kasa samun gurbi a babbar gasar kwalejoji. Amma akwai wata ƙarama da ake haɗa wa waɗanda suka rage a baya, sai aka gayyace su.

"Yaya, an saka mu!" ya ce tun daga bakin ƙofa, ko takunkumi bai cire ba.

"Ina? Ba cewa ka yi an fitar da ku ba?"

"Waccan daban. Wannan ta biyu ce, ita ma da kofinta."

"Kofin ta'aziyya ke nan. A ba ku ku daina kuka."

Ya yi dariya. "Ka faɗi son ranka, Yaya. Ni dai ita ce ta ƙarshe a gare ni. Daga ita sai gida."

Sharaɗin shi ne a yi wa kowane ɗan wasa gwajin cutar kafin ya shiga fili. Kocinsu ya ce kowa ya kiyaye kansa har a cikin gida. Ƙanena ya ja katifarsa zuwa falo, ya sayo farantinsa da cokalinsa a kedai, wato kanti, ya fara cin abinci shi kaɗai a baranda. Abin ya tsaya mini a rai. A gidanmu kwano ɗaya ake zuba wa maza, kuma mahaifinmu ba ya yarda wani ya ware. Wanda ya ware kwanonsa, to fushi yake da 'yan'uwansa, sai an zauna an ji dalili. Mun riƙe wannan har a ƙasar mutane. Ko daga gidan abinci na mamak muka yo tapau, wato aka ƙunso mana, sai mun juye a tire ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki a fara gasar, na tashi yin miyar kuka. Daddawar a wurin matar wani malami da ke Taman Melati nake samu, mai ƙarfi ce, in na buɗe robar sai na rufe taga saboda maƙwabta. Ranar na buɗe ban ji komai ba. Na kai hancina har bakin robar. Shiru. Na shiga ɗaki na shafa turare a bayan hannuna, nan ma kamar ruwa. Dama tun safe maƙogwarona yake ƙaiƙayi, kuma na san na je Sentul aski a ɗakin wani abokina, mun cika ɗakin ba mai takunkumi.

Na san alamar cutar ce. Kowa ya sani a lokacin. Amma fasfona yana ofishin makaranta ana sabunta mini biza, kuma ana ta yaɗa jita-jita a waya kan yadda ake kwashe baƙi a killace su. Tsoro ya kama ni. Na ce wa kaina mura ce. Na ƙara daddawa a tukunya, na sake ƙarawa, wai ko zan ji.

Da ya dawo daga atisaye ya miƙo farantinsa in zuba masa. A nan ne na yi abin da ya fi ɓoyewar muni. In na zuba masa daban, kamar na yarda ke nan akwai abin da zai guje wa a jikina, ni kuma ba na son yarda.

"Ajiye farantin nan," na ce. "Ka zama Bature ne? Ko ni ne mai cutar?"

"Haba Yaya, koci ne ya ce."

"Koci ne ya haife ka? Saboda gasar ta'aziyya za ka raba kwano da ɗan'uwanka? Bari in kira Baba in gaya masa."

Ya wanke hannu ya zauna. Muka sa hannu a kwano ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. Ya kai loma ɗaya ya yamutsa fuska.

"Yaya, yau daddawar nan ta yi yawa fa."

"Ci kawai," na ce.

Ranar gwaji aka same shi da ita. Ya dawo da abin killacewa ɗaure a wuyan hannunsa, jakar wasansa a kafaɗa, takalmin da ya wanke bai ko taka ba. Abokinsa da suke tafiya tare shi ma aka hana shi. Sai a lokacin na ce ina jin zazzaɓi, aka gwada ni, aka samu. Ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya.

"Yaya, ka yafe ni. A jirgin ƙasa na kwaso, na kawo maka har gida. Da na sani da ƙafa na riƙa zuwa."

Na ce masa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har da dafa masa kafaɗa.

A waya muka kalli wasan, wani ɗan ajinsu ya haska mana. Zauren fayau, ba a jin komai sai kukan takalma da usur. Ƙungiyarsu ta yi ta maza har aka dawo hutu, daga nan gajiya ta kama su, ba masu canji. Yana zaune a ƙasa yana kiran sunayensu a hankali, yana gaya musu inda za su tsaya kamar suna jin sa. Da aka tashi an cinye su, ya kife wayar. Na ce, "Ai dama ba babbar gasar ba ce." Ya tashi ya wanke kwanukan da ke jira.

Ni na warke da wuri. Shi ne ta daɗe a ƙirjinsa. Ya gama karatu, ya fara haɗa kayan komawa, kuma duk wanda ya zo masa sallama sai ya ba shi labarin jirgin ƙasan nan, ya ce sakacinsa ne. Duk ranar da ya faɗa ina wurin, ina jin sa.

Wata la'asar bayan ruwa ya ɗauke, na hango shi daga baranda shi kaɗai a fili. An cire igiyar. Yana jefawa, sai ya tsaya ya dafa gwiwa yana mayar da numfashi. Na sauka. Ƙwallon ta gangaro wurina, na ɗauka, ban mayar masa ba.

"Miƙo mana, Yaya, ai ba ka iya ba."

"Ka tuna ranar da ka ce daddawa ta yi yawa?"

Ya ce ya tuna.

"Ba na jin warinta ne, shi ya sa na yi ta ƙarawa. Tun kafin ka zauna na san ina da ita. Ba a jirgi ka kwaso ba, a kwanona ka ci, kuma ni na tilasta maka. Na raina wasanka, na raba ka da shi, sannan na tsaya ka roƙe ni gafara na karɓa. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah, ƙanena, ka yafe mini."