Katalizar Ɗin Motar Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana motar Alhaji a garejinmu na Banifandu ba. Ni dai kun san ni, daga gida sai gareji, aikina waldar bututun hayaƙi. Boko ban yi nisa ba, amma kunnena ba ya barci.

Ga wanda bai san aikin ba: a ƙarƙashin mota akwai wani tulu da muke kira katalizar. Cikinsa kamar saƙar zuma, an shafe shi da alumina, farin gari da ake fitarwa daga jar ƙasar nan bokzit. Shi ke riƙe ɗan ƙarfen da ke wanke hayaƙi kafin ya fito. Wannan ɗan ƙarfen ne ya haukata mutanen Yamai, kowa na jin zinariya yake hawa.

Wata biyu kafin ranar, Habu, ƙanen Alhaji, ya zo shi kaɗai da motar yayansa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya ce: "Baba Mamman, fasa mini tulun nan, motar ba ta numfashi." Na ce: "Ɗana, numfashinta ya fi nawa." Ya tsallaka titi aka fasa masa. Har ya dawo da garin a leda yana tambayata ko maƙeran zinariya na unguwar Maure za su narka masa. Wai ɗan babban gida!

To, mota ta je bizit, inda hukuma ke auna hayaƙi, ta faɗi. Sai ga Alhaji, ga Habu, ga direbansu Isufu, mutumin da ya tsufa a bakin sitiyarinsu, ido ya yi ja. Shef ɗinmu, mai garejin, ya sa na shiga ƙarƙashi. Na ƙwanƙwasa tulu, ya amsa kamar gwangwanin tumatir, ba komai a ciki.

Alhaji ya juya kan Isufu: "Ɓarawo! Yau komisariya za ka kwana, hannun ƴan sanda."

Isufu ya ce: "Alhaji, wallahi ko sunan abin ban sani ba."

Habu kuwa ya duƙufa kan wayarsa kamar mai lazimi.

Na fito, na goge hannu, na ce: "Alhaji, a yi mini aikin gafara. Habu, ashe maƙeran ba su karɓi garin ba?"

Alhaji ya dubi ƙanensa, ya dube ni, ya gyara hula. Ya ce: "Malam, da walda aka san ka." Ya sa a kawo sabon katalizar, ba a ƙara zancen komisariya ba.

Na koma gida ina fariya, har na ce wa mai ɗakina yau na ceci bawan Allah. Kafin sati sai ga Isufu a ƙafa. An sallame shi. Ba don sata ba, wai don Habu ba ya iya haɗa ido da shi a cikin mota. Yanzu kayan miya yake ɗauko wa ƴan kasuwar Petit Marché, kuma duk ya biyo ta nan sai ya ajiye mini albasa.

Ku yara, abin da na koya ke nan: kowane babban gida na da katalizar ɗinsa, wani bawan Allah da ke shanye ƙazantar don a fito fes. Na mota dai, in ya lalace, Alhaji da kansa yake tsayawa a gyara.