Taki Shida Tsakanin Gamba da Gamba

Na daɗe ina koyar da lissafi a Funtua, saboda haka da maganar awon gonar mahaifinmu ta taso, ni 'yan'uwana suka tura gaba. Ko ba su tura ni ba ma da na tura kaina. Gonar tana bayan ƙauyenmu, ta hanyar Dayi, kuma bayan rasuwar tsohon muka yanke shawarar sayar da ita ga wani ɗan kasuwa mai son gina siton masara. Shi kuwa ya ce ba ya sayen ƙasa da fatar baki, sai an kawo safiyo ya auna, ya kafa turakun siminti, ya zana taswira.

Takarda ɗaya muka gada, da ajami, ta sha ninki har ta kusa rabuwa huɗu. Liman ne ya karanta mana. Gabas kuka, yamma rafi, kudu burtali, arewa layin gamba; daga burtali zuwa gamba taki ɗari da tamanin. Ranar na yi dariya har da buga cinya. Na ce takin wa, na dogo ko na gajere, kafin ya ci tuwo ko bayan ya ci? Kukar ta faɗi tun ina saurayi, rafi ya ci gaɓarsa ya matso, burtalin ya tsuke har shanu biyu ba sa jerawa. Gamba ce kawai ta tsaya inda aka dasa ta.

Safiyon ya zo bayan girbi, da hantsi, wani siririn mutum marar yawan magana, riƙe da sanda mai na'ura a kanta, da leburori biyu magidanta. Kudu da yamma ba su ba shi wahala ba. Da muka hau arewa sai ga maƙwabcinmu na gona, sa'ana, wanda shi ma ya gaji tasa, ya zo da takardarsa don a yi komai a gabansa. Muka bi layin gamba muna hira har kusa da ƙarshensa ta gabas, inda layin ya rabu biyu. Namu ya lanƙwaso cikin gonarmu, nasu ya lanƙwasa cikin tasu, aka bar fili a tsakani, faɗinsa taki shida, tsawonsa kamar ashirin.

Na san wurin tun ina ƙarami, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka nasu ne suka ƙi nomawa. Maƙwabcin ya ce wallahi shi ma tun tasowarsa ya ɗauka namu ne. Aka duba takardun biyu, kowacce ta tsaya a kan gambarta.

Safiyon ya ce, "Malam, ƙasa ba ta zama babu mai ita. A raba biyu, turken kusurwa ya zauna a tsakiya."

Kafin ya rufe baki na amince. Har na lissafa a kaina yawan abin da ya ƙaru mana, ina jin daɗi kamar wanda ya tsinci goro a aljihun tsohuwar riga.

Muka ratsa gamba muka shiga. Abin da na fara lura da shi shi ne ƙasar wurin ba ta taɓa ganin garma ba, amma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tana da 'yan loɓa-loɓa a jere, gajeru, duk sun miƙe ta fuska ɗaya. Ciyawar ta bushe a tsaye, babu sawun akuya, babu alamar an taɓa sa mata wuta. A can gonaki ana jin masu casa da kukan babur a kan hanya, amma a cikin gambar nan sai sautin ya yi nisa, har ina jin numfashin mutumin da ke kusa da ni. Hirar da muke yi ta mutu ba tare da kowa ya kashe ta ba.

Safiyon ya nuna wuri da ƙafa, babban leburan ya sa diga. Sara na huɗu sai muka ji ƙarar ta canza, ta zama irin ta abin da babu komai a cikinsa. Ya durƙusa ya share da hannu. Bayan tukunya ne, baƙi, an kifa rabinta, ga wani rabin a gefensa, an liƙe tsakaninsu da laka. Bakin digar ya ɗan tsaga ta, wata iska mai sanyi tana fitowa ta tsagar, mai warin rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba.

Leburan ya ajiye digar a hankali ya yi salati. Ya ce, "Malam, wannan ba tukunyar ajiya ba ce." Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, duk mun san abin da magabata suke rufe kabari da shi in babu itace. Ya mayar da ƙasar da tafin hannunsa, bai yarda ya sake taɓa digar ba. Ni kuwa na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji da rana tsaka ba.

Mutum ɗaya ya rage da za a tambaya, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda idonta ya tafi amma kanta garau. Da na faɗa mata, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce a kai ta. Muka ɗauko ta a mota bayan azahar, a bakin gambar ta tuɓe takalmanta.

Ta ce a da gidajen biyu a nan gona suke zaune. Wata damina ƙyanda ta shigo, rafi kuma ya cika ya hana tsallakawa zuwa maƙabarta kwana da kwanaki. Sai aka riƙa binne yaran a kan iyaka, namu da nasu. Da ruwa ya janye, kakanmu da kakan maƙwabcin kowa ya tumɓuke gambarsa ya ja baya taki uku. Ba su rubuta ba, ba su kuma ƙara tayar da maganar ba.

Ta riƙe hannuna ta shiga, tana lalube da tafin ƙafa. A kowace loɓa sai ta tsaya ta ce wannan na gidan wane ne, mace ce, ta fara tafiya. Wannan ƙanen ubanku ne. Ta tsaya sau bakwai. A na takwas ƙafarta ta taka sabuwar ƙasar da muka tona, ta tsaya a kai har na zaci ta gaji.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa na wane gida ne?"

Ta kau da kai gefe ta ce, "Wani ne."

Na sake tambaya, don ni in ban ji amsa ba ba na barin mutum. Ta ce, "Kai dai ba ka da ta-ido. Randata ce ta aure aka fasa. Kun karya ta?"

Duk mun tashi da sanin Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ashe ta haihu sau ɗaya, kuma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta ambace shi ba, yana raye ko yana ƙasa. Na ce mata ba mu karya ba.

Safiyon ya ja ni gefe. Ya ce in ya sa wurin cikin taswirarmu, zai bi gonar zuwa hannun mai sito. Shawararsa ita ce a yanke shi daban, a kafa masa turaku huɗu, a yi masa takarda da sunana ko na wani, don ya zama yana da mai shi. Na ji abin ya yi mini nauyi, a ce na rubuta sunana a kan kaburburan yara kamar na sayi fegi. Maƙwabcin ma ya ce ba ya iyawa. Muka ce a bar shi yadda iyaye suka bar shi, kowa ya tsaya a kan gambarsa. Safiyon ya dube mu, sannan ya kafa turkenmu a cikin layinmu. Na koma Funtua ina ganin na yi abin kirki.

Damina biyu bayan haka wata ta'aziyya ta kai ni ƙauye, na ce bari in leƙa. Katangar sito ta tashi daidai kan turakunmu. Maƙwabcin ya sayar da tasa ya koma Malumfashi, gonar ta sake canza hannu, wanda ya saya na ƙarshe baƙo ne, an auna masa daga kudancin gonarsa har jikin katangar. Ba zan ce ya yi zalunci ba, babu takardar da ta ce masa akwai wani abu a wurin. Tarakta ta bi ta kai. Babu gamba ko tushe ɗaya, masara ce kore shar har gindin bulo. Na shiga cikinta ina neman loɓar nan da ƙafata yadda Gwaggo ta yi, kunyar noma ce kawai a jere, kowacce daidai da 'yar'uwarta.

Gwaggo tana nan da ranta. Duk lokacin da na je gaishe ta, sai ta bari kowa ya fita, ta matso ta rage murya ta ce, "Ka biya ta wurin?"

Ina cewa na biya.

"An dai bar su?"

Ina cewa an bar su, Gwaggo. Sai ta sa mini albarka, ni kuma in zauna in karɓa.