Yadda Na Je Duba Hanyar Dogo-Dogo, Ba Don Kowa Ba

Talata: Magariya zuwa Dungas

Na fita daga gidanmu ƙarfe biyar saura kwata, ladan bai gama gyaran murya ba. Ina ba ku lokaci daidai ne saboda ni mai ilimi ne: shekara biyu da rabi na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mushe, wato malaminmu, ya ce kaina ya cika, kada a ƙara ya zube. Zamanin Faransawa ne, kaka ta yi, ni kuma falanto ne a kantin sayen gyaɗa, wato mai kai takarda. Keken na Kawu Ilu ne, baƙi, ɗan Kano. Agogon ma nasa ne.

Ga dalilin tafiyar da na faɗa wa mutane: bature ya aike ni in dubo hanyoyin ƙauye, ko kamiyo, wato babbar mota, zai iya shiga kwasar gyaɗa. Har kaye, littafin rubutu, na riƙa da fensir. Baturen bai san zancen ba, hutun kwana uku na roƙa.

Ga kuma dalilin da ban faɗa ba. Mai ɗakina ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye gefen Dogo-Dogo, ta kuwa sauka tun watanni ba su cika ba. Bakwaini, mace. Aka yi suna, baffana da gwaggona suka je, ni aka bar ni a gida yadda ya kamata, don 'yar fari ce. Ku 'yan yau masu saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna zaga kasuwa ba za ku gane ba. A lokacinmu ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka tambayar lafiyarsa. Da Gwaggo ta dawo, na jiyo ta bayan zana tana ce wa Inna, "Kamar 'yar kurciya, sai dai addu'a." Kwana goma sha ɗaya ina jiran wani ya ƙara kalma guda, ba wanda ya ƙara. Na ce a raina, in ma Allah zai karɓi abinsa, ina so in gan ta ko sau ɗaya.

Kawu Ilu ya riƙe mini sirdi a ƙofar gida, ya miƙo wani ƙulli. "Ga kanwa," in ji shi, "ko keken zai yi ciwon ciki a hanya." Kowa ya san mai jego ake dama wa kunun kanwa. Na karɓa ban dube shi ba.

Na bar babbar hanya ga kamiyoyi da idon sani, na bi turbar gonaki. Mai niyyar bin ta ya riƙe wannan karatu: ka bi sawun jaki, kada ka bi na raƙumi. Jaki wayo gare shi, ƙasa mai tauri yake zaɓa. Raƙumi kuwa rairayi gidansu ne, in ka bi shi kai za ka goya keken. Hanyar shiru, ba ka jin komai sai kukan sarƙa da kurciyoyi. Dammunan gero a jingine jikin rumbuna, mata na roron gyaɗa, gawo ya fara toho.

Ƙarfe takwas da minti ashirin, gindin wata kuka, wani gardi, dogarin kumandan mai mulkin yankin, ya ɗaga mini hannu.

"Kai mai keke! Ina takarda?"

Na buɗe kaye na nuna masa shafin da na zana hanya da rijiyoyi. Ya dube shi a juye, ya daɗe.

"Ba kai ne surukin Malam Habu na wajen Dogo-Dogo ba?"

"Aikin bature nake yi, ranka ya daɗe."

"Haka ne. Ni ma aikin kumandan ne ya taɓa kai ni garin surukaina sau uku a wata ɗaya. Wuce."

Sha ɗaya daidai tsidau ya huda tayar baya. Na yi faci a inuwar aduwa, wata Bafillatana ta dama mini fura ta kuɗi tamma biyu, ta ce dokina ya rame, in riƙa ba shi dusa. Daga nan ƙauyuka suka yi yawa, kuma ba a wuce dattawa a bisa abin hawa. Na sauka na gaisa sau ashirin da uku, na rubuta a kaye. A lissafina kilomita arba'in da 'yan kai ne zuwa Dungas, goma daga ciki da ƙafa na yi su.

Na sauka da la'asar sakaliya gidan Malam Sanda maɗinki, abokin mahaifina. Tuwon gero, miyar kuka da man shanu, tabarma a zaure. Bai tambaye ni komai ba sai lafiyar taya.

Laraba: Dungas zuwa inda ba ni da niyyar zuwa

Ƙarfe shida da rabi matar Malam Sanda ta aiko da daƙaƙƙen yaji a ƙwarya, wai ko baturenmu na so. Yajin jego ne, ƙamshin kimba har waje. Na ɗaure shi kusa da kanwar, na yi kudu.

Wannan ce hanyar da ta fi kowace daɗi. Gangare ne a hankali, ga goriba jefi-jefi, ga fadama da sauran ruwa, balbelu na bin shanu. Kilomita goma sha takwas, ba na jin na taka feda sau ɗari. Amma ina hango rumbunan garin surukaina sai na ja burki. Na sauka tun daga bakin rijiya, na tuɓe takalma na rataya, na tura keken kamar mai jan akuyar da ba ta son kasuwa.

Ƙarfe tara da kwata na durƙusa gaban surukina Malam Habu, kaina a ƙasa.

"Lafiya, Malam Falanto?"

"Lafiya lau, Baba. Hanya aka aiko ni dubawa, na ga bai kamata in wuce ban kwashi gaisuwa ba."

"Madalla. Hanya kam tana son dubawa."

Bawan Allahn nan ya zaunar da ni ya ɗauko zancen hanya tun daga zamanin kakansa. Inda kwari ya cinye, inda raƙumin wane ya karye. Ina rubutawa, amma kunnena na cikin gida. Ina jin daka, ina jin kaji, ina jin ruwan wankan jego na tafasa. Kukan jariri ne ban ji ba. Minti hamsin a agogon Kawu, ko "inya" babu. Na rufe kaye. Tambaya kuwa ba ta tambayuwa.

Na ajiye kanwa da yaji gefen tabarma, na ce tsintarsu na yi a hanya. Na yi sallama, na kama keke.

Sai ga Iya Gambo, kakar mai ɗakina, ta fito ta ƙofar baya da wani ƙunshin zane a hannu. A duk gidan ita kaɗai ce ke da ikon yi mini tsiya, don kaka abokiyar wasa ce.

"Kai, angon bara! Haka za ka wuce ban ga dokin ƙarfen ba? Matsoraci, kullum kai a ƙasa kamar mai neman allura. Kawo shi bayan rumbu, idona ba ya son rana."

Muka zaga inda ba mai ganinmu. Ta taɓa ƙararrawa, ta ja tsaki, ta ce jakinta ya fi shi murya. Can ta ce, "Wayyo, zanena zai kwance. Riƙe mini kayan nan." Kafin in ce wani abu ta ɗora mini ƙunshin a hannu, ta juya baya.

Ban taɓa ganin ɗaurin zane mai tsawon wannan ba. Ta kwance, ta kakkaɓe, ta ɗaura, ta ce bai yi ba, ta sake.

Ƙunshin bai kai nauyin mudun gero ba, amma da ɗumi. Ni ban duba ba, ku shaida. Gefen zanen ne ya zame da kansa. Fuska kamar tafin hannuna, gashi kwance luf, tana barci da ɗan bakinta a buɗe, ƙirjin na hawa yana sauka. Ta motsa, ta kama ɗan yatsana, ta riƙe da ƙarfin da ban san inda ta samo shi ba. Sai na ji ɗumi na bin gaban rigata.

"Barci da tsotso, ba ta da aiki sai su," Iya Gambo ta ce da rumbu, ba da ni ba. "Uwar ma garau, jiya ta cinye ƙaurin saniya ita kaɗai. Wannan mai zama ce." Ta juyo ta ga rigar, ta fashe da dariya. "Ka ga, ta yi maka barka da zuwa. Kawo mini kayana, ɓarawo. Mene ne kuma a idonka?"

Na ce yajin nan ne na hanya.

Alhamis: komowa

Na kwana Dogo-Dogo gidan wani mahauci, na tashi ƙarfe biyar na yanko ta turbar kudu, kusa da iyakar ƙasar Ingilishi. Rairayi ya fi yawa, faci biyu na yi, amma ban ji gajiya ba. Har waƙa na yi, jakuna na kaucewa. Na shiga Magariya ƙarfe huɗu da minti goma.

Inna ta dubi gaban rigata, wadda na ƙi wankewa, ta ce, "Ashe har yanzu ana ruwa a gabas?" Na ce yayyafi ne. Ta shiga ɗaki, na jiyo ta tana hamdala a hankali.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Sai Kawu Ilu mai keke, da Malam Sanda da iyalinsa, da gardin nan na gindin kuka. Allah ya jiƙan Malam Habu, wanda daga baya na gane riƙe ni ya yi da zancen hanya har a gama wa mai jego wanka a shirya jaririya. Allah ya haskaka kabarin Iya Gambo.

Ita kuwa wadda aka yi tafiyar dominta, yau jikokinta sun cika tsakar gida, ita ke aiko mini da tuwo tana faɗa wai ba na ci. Na cika takardar nan kaf ban rubuta sunanta ba, kuma ba zan rubuta ba. Ta san kanta.