Tuwo a Kan Katako

Ni mutum ne mai son a ce na waye. Tun da na samu aikin koyarwa a Aliero, zuwa garinmu Mungadi ya koma sai salla da biki, wannan ciwo ya kama ni, kuma har yau bai sake ni gaba ɗaya ba. Duk inda aka buɗe sabon wuri, ina cikin na farkon shiga. Saboda haka da aka buɗe wani gidan abinci a Jega, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi, wanda aka ce mai shi ya daɗe a Abuja ya dawo da dabaru, ban yi wata-wata ba na je. Aka kawo mini shinkafa a cikin ɓawon kwakwa, da ɗan ganye a tsaye a kanta. Na ɗauke ta hoto ta gabas, na ɗauke ta ta yamma, na cinye a loma kaɗan, na fito na tsaya wurin mai tsire na cika cikina. Amma washegari a makaranta sai da na ishi kowa da labari, ban da maganar tsiren.

Yayana shi ke riƙe da gonar gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ba a raba ta ba. Shi ke noma, ni ina aika taki da damina, da kaka a aiko mini da gero da dawa. A gidanmu na Mungadi tukunya ɗaya ake ɗorawa, maza kuma kwano ɗaya suke sa wa hannu a zaure, ƙaramin cikinsu ya riƙe bakin kwanon da hannun hagu har a gama. Ni ne ƙarami, ni na yi ta riƙon kwano har na bar gida. A wurinmu, ranar da 'yan'uwa suka raba gona, ranar ake raba tukunya, kowa a kai masa nasa. Ba a yin shela. In ka shiga zaure ka ga kwano biyu inda da ɗaya ne, ka san abin da ya faru, sai ka yi gaisuwa ka kama bakinka.

To, iyayina ne ya jawo mini. Wani abokin aikina da ke koyar da aikin gona ya ce mini manoma na ɓarnar taki saboda ba su san girman gonakinsu ba. Nan take na ɗauke shi a babur muka tafi Mungadi da igiyar awo. Ban gaya wa Yaya ba, don ina so in ba shi mamaki da ilimi. Muka tarar ya tafi gaisuwar mutuwa Maiyama. Muka shiga gona muka ja igiya daga kan iyaka zuwa bakin fadama, muna kiran lambobi da ƙarfi, mutane na wucewa suna yi mana sannu da aiki. Ni da aka haifa a garin nan, kaina bai kawo mini cewa dalili ɗaya ne ke shigar da igiya gonar gado ba.

Daga ranar gaisuwar Yaya a waya ta gajarce. Da can sai ya ba ni labarin kowace akuya, yanzu daga "lahiya lau" sai shiru. Matata ce ta jiyo daga bakin matarsa cewa ya daina cin abincin kirki, wai ya ce in ƙanensa rabonsa yake so, shi ba zai hana shi ba. Maganar ta soke ni ƙwarai. Ban taɓa son a raba gonar nan ba, kuma tsoro ya kama ni cewa ina gab da rasa ɗan'uwana a kan buhun taki. Ga shi a gidanmu ƙane ba ya tsayar da wansa ya ce zo mu yi magana. Matata ta ce, "Ka tahi gida mana, ka zamna zaure ku ci tuwo, magana ta ƙare." Na dube ta irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa mai sauƙi. Na ce a'a, Yaya ya wuce tuwon zaure, karrama shi zan yi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da wata irin murya da ban so ba.

Ranar kasuwar Jega na sa farar shaddata, na tare Yaya bayan azahar. Ya sayar da hatsinsa, yana saɓe da buhu, a ciki har da wani babban kwano sabo da ya saya don kai wa 'yan gayya abinci a gona. Na ce ya zo mu ci abinci. Bai yi gardama ba, ya biyo ni.

A bakin ƙofar gilashin ya tsaya zai tuɓe takalmi, na hana shi da sauri ina waige-waige kada wani ya gani. Aka zaunar da mu a tebur, shi can ni nan, muna fuskantar juna kamar a ofishin alƙali. Ya ɗosana a bakin kujera, ya ajiye buhunsa tsakanin ƙafafunsa, sanyi na kaɗa masa riga. Na ƙi yin kasada da ɓawon kwakwa. Na ce wa matar da ke kai abinci ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuka da nama. A raina na ce tuwo dai tuwo ne, babu yadda za a yi da shi.

Ashe akwai. Matar ta dawo da katako biyu, shafaffu, masu ɗan mariƙi, ta ajiye ɗaya gabana, ɗaya gaban Yaya. A kan kowane an jera tuwo ƙanana-ƙanana kamar ƙwan zabo. Miyar tana cikin ɗan kofin gilashi irin na shayi, an kuma ɗibi kaɗan an ja layi da ita a gefen katakon, don ado. Naman yanka ɗaya ne, an soke shi da tsinke an tsayar. Sannan ga albasa an yanka ta ta zama fure. Ni da nake zaune a Aliero, inda ake tuntuɓe da albasa a hanya, sai ga ni ina jinjina wa albasa kai.

Yaya ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Wanga mi na?"

Na ce, "Tuwo na, Yaya."

"To ina kwano nai? Ni dai mahauta na sani da katako."

Na yi 'yar dariyar wayayyu. Ya miƙa hannu zai taɓa, sai na ji bakina ya ce, "Dakata Yaya, kak ka taɓa tukuna." Na miƙe tsaye, na zaro waya, na shiga ɗaukar hoto. Wato na gayyato wana cin abinci, na hana shi sa hannu, na tsaya a kansa ina neman inda haske ya fi kyau. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

Da na zauna na lura ba tuwon yake kallo ba. Filin da ke tsakanin katakon nan biyu yake kallo. Ya nuna da haɓa, ya ce, "Wancan naka na, wanga nau na?"

Ni kuwa, malamin makaranta, mai bayani ko ba a tambaye shi ba, na gyara zama na ce, "I, Yaya. Nan kowa da nashi. Haka zamani ya zaka da shi, ya hi tsabta, ba mai shiga na wani."

Ya sake duban katakon nan biyu. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To, na ji. Amma ba sai ka kawo ni Jega ba. Da aike ka yi, da na ba ka gehen hwadama. Shi ya hi kyau, kuma kai ad da ƙananan ɗiya."

Sai a lokacin na ga abin da na shirya da hannuna. Na auna gona da igiya, na kira shi gari, na zaunar da shi nesa da ni, na sa an raba mana tuwo, na kuma yi masa wa'azin kowa da nashi. Ko da gangan na tsara, ba zan iya faɗa masa a fili fiye da haka ba. Shi kuma, maimakon ya zage ni, gefen da ya fi albarka yake miƙo mini. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni, gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan.

Na fara zuba bayani: taki ne, abokina ne, lissafi ne kawai. Yana ta cewa "ba komi, ba komi," irin ta wanda ya riga ya yanke wa ransa haƙuri. Na ga baki ba zai fisshe ni ba. Sai na ɗaga katakona na karkata shi kan nasa don in haɗe tuwon wuri ɗaya. Tuwon ya gangara, ɗaya ya wuce katakon Yaya ya faɗa ƙasa ya mirgina ƙarƙashin teburin wasu. Ban daddara ba, na ɗauki kofin miyata na juye a kan sauran. Katako ba shi da baki. Miyar kuka ta bi ta gefe, ta sauko daga tebur da yauƙinta, ta sauka a cinyar farar shaddata. Na zabura zan tare da hannu, na ture kofin Yaya, shi ma ya biyo sahu.

Kowa a wurin ya juyo yana kallonmu. Na hango wani a teburin gefe ya ɗaga wayarsa, yanzu ni ake ɗauka hoto. Matar ta zo da tsumma. Na ce mata don Allah ta kawo mana kwano, babba, guda ɗaya. Ta ce in yi haƙuri, mai wurin ya hana a fito da kwano gaban baƙi, wai yana ɓata tsari.

Nan Yaya ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin igiya ta shiga gona. Ya yi ta yi har yana share ido da bakin riga, yana nuna shaddata, yana cewa, "Wayayye! Dubi wayayye!" Sannan ya sunkuya ya kwance buhunsa, ya fito da sabon kwanon 'yan gayya, ya ɗauraye shi da ruwan gorar da aka ajiye mana. Ya kwashe abin da ya tsira na tuwo ya zuba, ya kalato miyar da ta rage a katako da gefen hannu, ya zare tsinken naman ya jefa yankan biyu a ciki. Furen albasar ya ɗaga ya duba, ya ajiye wa mai wurin kayansa. Ya sauka daga kujera, ya shimfiɗa buhun a ƙasa jikin bango, ya zauna ya ajiye kwanon a gabansa.

Na tsuguna kusa da shi, da miya har gwiwa, mutane na kallo, ban kuma damu ba. Duk tuwon bai rufe gindin kwanon ba. Muka wanke hannu, ya yi bisimilla ya gutsura. Na miƙa hannu zan bi bayansa, sai ya buge mini wuyan hannu, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Kai, riƙa kwano."

Ina da furfura a gemu, ina da ɗalibai da suka yi aure. Kwanon kuma a ƙasa yake daram, babu abin da zai sa ya motsa. Na kama bakinsa da hannun hagu, idona ya cika da hawaye, ban sake shi ba har muka suɗe.