Hoton Asabe Daga Wuya Zuwa Ƙasa

Matso kusa ki ji, ke da kika fara koyon hoto jiya jiya. Akwai wata rana a aikin nan da har gobe ba ta fita raina ba.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da farawa ba, maza masu hoto sun daina shiga taron mata. Shi ne Malam Sani, mai shagon hoto a Kaura Namoda, ya ɗauke ni ɗaliba don in riƙa shiga gidaje. Ni da ko kasuwa ba na son zuwa! Abin da ya ja ni kalandun 'yan fim ne. Sai in wuni ina kallon yadda tauraruwa take karkata kafaɗa, ta ɗora hannu a ƙugu, haske ya zubo mata ta gefe ɗaya. Malam ya koya mini sa fim da juya wa rana baya, ya ce, "Sharaɗi guda: ranar da mijin wata ya kawo ƙararki, ki aje mini kyamarata."

Aikina na farko na wata tela ne, Iya Balki. Albam take so na ɗinkunanta, masu kawo yadi su riƙa zaɓe. Sai dai wa za ta sa kayan? Kowace mace ta ce maigida ya hana. Na ce to a ɗauka daga wuya zuwa ƙasa, ai ɗinki ake talla, ba fuska ba.

Wadda ta fi kowa zumuɗi Asabe ce, matar Alhaji Mudi, dillalin shanu mai cin kasuwar Shinkafi. Shi kuwa ya rantse hotonta ba zai fita gidansa ba. Na tsayar da ita jikin bangon Iya Balki da yamma, na ce, "Saki kafaɗar nan, Yaya Asabe, ba tulu kika ɗauko ba." Da aka wanko hotunan daga Gusau, wallahi nata ko a kalanda sai haka.

Ana saura kwanaki salla na kai albam ɗin. Asabe na ciki ana gwada ta, sai ga sallamar Alhaji Mudi a zaure, ya kawo leshin da za a ɗinka mata, bai san tana nan ba. Iya Balki ta tura ni da albam ya zaɓi ɗinki. Na fita na miƙa masa.

Ya yi ta buɗawa, ya zo kan na Asabe ya tsaya. Ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ga zoben da ya sayo mata a yatsa, ga tabon ƙuna a hannu. Na ce shi ke nan, kyamara ta tafi.

"Ke ɗiyata," ya ce, "wagga 'yar Kano ta ko?"

Na ce, "Alhaji, ba a faɗin masu hoto."

"Ai ba sai kin hwaɗi ba, tsayuwar ta nuna. Irin wanga za a yi ma Asabe. Ko da yake ba za ya zauna mata haka ba, ita awa buhun gero take tsayawa."

Ashe duk a kunnen Asabe aka yi. Na koma ciki na tarar da Iya Balki ta danne Asabe a kan tabarma, tana ƙoƙarin toshe mata baki da gyale. Asabe na fizga tana cewa, "Ku sake ni in gaya mishi ni ce buhun geron!" Na durƙusa na riƙe ƙafarta: "Yaya, ki rufa mini asiri, abincina ne." Ba mu sake ta ba sai da muka ji tashin babur ɗinsa.

Kyamara ta zauna a hannuna har na yi tawa. Abin da na koya ranar shi ne, tauraruwa da matar gida bambancinsu haske ne da wanda ya tsaya ya duba. Ke yanzu tsakaninki da Allah, in aka nuna wa naki maigidan hotonki ba kai, zai gane ki?