Wasan Da Na Kalla Ba A Buga Ba

Malamin da ya duba aikin digirina na uku a Kuala Lumpur dattijo ne ɗan Ostireliya, wanda ya ɗauki wasan zari-ruga kamar addini. Shi ma ba kowane iri ba, sai wanda ake yi da mutum goma sha uku kowane gefe.

Tun shekarar farko na gano lagonsa. Duk Litinin ɗin da ban rubuta komai ba, sai in leƙa waya in haddace sakamakon ƙungiyarsa. Ina shiga ofis in ce, "Kai, Farfesa, wasan jiya!" Shi ke nan, ya yi ta zuba har lokaci ya ƙare, ba a ko taɓo babi na huɗu na aikina ba. Ni kuwa ban san komai a wasan ba, in ban da ƙwallon ta yi kama da gwanda.

Da korona ta zo aka kulle gari, ganawarmu ta koma ta kwamfuta, ina zaune a falonmu a unguwar Taman Melati. Can ƙasarsu aka dakatar da wasa, daga baya aka dawo da shi. Wata Litinin na makara, ban duba waya ba. Matata tana gefe tana yanka albasa. Fuskarsa na bayyana na ce, "Kai, Farfesa, wasan jiya!"

Ya gyara tabarau. "Ka kalla?"

"Daga farko har ƙarshe."

"Ina ya fi burge ka?"

"Inda ƙaton nan ya sunkuci ƙwallo ya ruga, aka taru aka danne shi." Na san ba a rasa wannan a kowane wasa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Tun Juma'a aka ɗage wasan. An gwada 'yan wasanmu, wasu sun kamu."

Dabara ta faɗo mini. Na ƙame, baki buɗe, ko ƙiftawa ba na yi, wai intanet ta tsaya. Ya zuba mini ido ya daɗe, sannan ya ce, "Fankar da ke bayanka tana juyawa."

Matata ta saki wuƙa ta ruga kicin, ina jiyo dariyarta har da tari.

Ashe ya daɗe da gano ni. Ya ce ƙyale ni ya yi, don duk garin ba shi da mai sauraronsa, kowa sai ƙwallon ƙafa. "Amma yanzu mako biyu ba mu da wasa, ba ni da abin yi. Turo babin ranar Alhamis."

Na turo. Ya dawo da shi jajawur da gyara, har waƙafi bai bari ba. A mako biyun nan na yi aikin da na shekara ina guje wa, kuma babin ya wuce.

Matata kuwa ba ta rufa mini asiri ba. Kafin la'asar ɗin ranar da ya kama ni, matan ɗalibai har na unguwar Chow Kit sun ji labari. Washegari na sauka sayen burodi, wani abokina ya hango ni daga nesa, ya tsaya cak da leda a hannu, ya ƙi motsi sai da na wuce.